Ƙaramin Gado, Babbar Wahala: Kuɗin Mamaci da ke Maƙale a Banki

Idan mutum ya rasu a Tudun Wadan Zariya, abin da ya bari a ɗaki ba ya daɗewa bai san inda zai nufa ba. Bayan an share makoki, a kira malami masanin fara'ili, a fito da riguna da huluna da rediyo da babur, a yi musu ƙima, a cire bashi, a ba kowa rabonsa. Sau da yawa yini ɗaya ya isa. Abin da ya bari a banki kuwa, ko da bai kai kuɗin babur ɗin ba, yana iya shekara ba a taɓa shi ba, wani ma har abada. Dukiya ɗaya ce, mamaci ɗaya ne, magada su ne dai ba su canja ba, amma rabi ya fita da yamma, rabi ya shiga hannun takarda.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne Jihar Kaduna tana bukatar gajeriyar hanya, wadda doka ta amince da ita, ta fitar da ƙaramin gado daga banki da hannun hukumomi ta hanyar takardar rantsuwa, ba tare da an bi doguwar hanyar da aka shimfiɗa domin manyan dukiyoyi ba. Ina kuma ganin idan muka kwafo tsarin yadda yake a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi, ba mu gyara shi daidai da gidajenmu ba, za mu cuci waɗanda muke nufin taimako.

Bari mu fara da lissafi, don a ga girman abin da ake magana a kai. A ɗauka malamin firamare ne ya rasu, ya bar mata biyu da mahaifiya da 'ya'ya uku, biyu maza ɗaya mace. Bayan an cire kuɗin likkafani da bashin da ake binsa, abin da ya rage a asusun albashinsa naira 240,000 ne. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun riga sun yanke yadda za a yi. Matan biyu za su raba tumuni, wato naira 30,000, kowace ta sami 15,000. Mahaifiya tana da sudusi, naira 40,000. Ragowar 170,000 a kasa ta biyar: kowane namiji 68,000, mace 34,000. Ɗalibin da ya yi karatun Risala a zaure zai gama wannan lissafi kafin shayi ya huce.

To, kafin matar nan ta riƙe naira 15,000 ɗinta, me ake bukata? Da zarar banki ya sami labarin rasuwa, zai rufe asusun, kuma yana da hujja, domin umarnin da mai asusu ya ba banki yana faɗuwa ne da mutuwarsa. Daga nan sai a nemi shaidar mutuwa daga asibiti ko Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na Babbar Kotun Jiha yake bayarwa. Ita kuma tana da nata matakai: a cike takardu, a kai wa banki ya rubuta abin da ke cikin asusun, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa don mai ƙorafi ya fito, a jira wa'adi ya cika, a biya kuɗin kotu gwargwadon dukiyar. A wasu jihohi, irin su Legas, kuɗin yana kaiwa kashi 10 cikin 100. Ga kuɗin mota, ga hotuna, ga na lauya in an ɗauka. Mai gadon miliyan ɗari biyu ba zai ji wannan a jikinsa ba. Mai gadon dubu ɗari biyu kuwa zai zauna ya auna, ya ga kuɗin guzuri ya kusa cinye abin da za a je ɗaukowa, sai ya ce a bar wa Allah.

Wani zai ce ai muna da kotunan shari'ar Musulunci, kuma gaskiya ne. Tun Nuwamban 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta maye gurbin tsoffin kotunan yanki da kotunan shari'a da na gargajiya, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci gado da wasiyya da kyauta da waƙafi a cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take da hurumi a kai idan mamacin Musulmi ne. Alƙali yana raba gado, yana rubuta wa banki. Matsalar ita ce babu ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure bankuna. Wannan ya karɓi takardar alƙali, wancan ya ce sai ta Babbar Kotu, wani kuma ya ce sai ya aika hedikwata a Legas, inda lauyan da zai duba takardar bai taɓa jin kalmar tumuni ba. Bazawara tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta da halin yin wannan zirga-zirga. Daidai lokacin da gida ya fi bukatar kuɗin, lokacin ne kuɗin ya fi nisa.

Wannan ciwo ya fi kama Tudun Wada fiye da wurare da yawa, saboda irin mutanen da suka gina ta. Unguwa ce da ta tashi zamanin Turawa a wajen ganuwar birni, domin baƙi 'yan Arewa da suka zo neman aiki da fatauci. Ma'aikatan Kamfanin Gaskiya, da na tsohon asibitin koyarwa kafin ya koma Shika, da na Kongo, da malaman makarantu, su ne suka cika ta. Irin waɗannan mutane ba garke suke bari ba, ba gonaki ba. Abin da suke bari shi ne ragowar albashi, da haƙƙin fansho, da ajiyar ƙungiyar adashin ma'aikata, da 'yan hannayen jari da aka saya lokacin da bankuna ke tallarsu a 2005 aka manta da su. Magadansu kuma a warwatse suke: uwa tana Funtuwa, ɗan fari yana Abuja, wata 'ya tana aure a Bauci.

Da yake hanyar doka ta yi tsawo, mutane sun sare tasu. Hanyar ita ce a yi shiru kada banki ya ji, a ɗauki katin ATM na mamaci da wayarsa, a je wurin mai POS a riƙa cira kaɗan-kaɗan har asusun ya bushe. Kowa ya san ana yi. Har akwai masu jinya da suke kiran ɗa su faɗa masa lambar sirri, wasiyyar zamani ke nan. Ba na zargin gidan da yunwa ta sa ya yi haka, amma a duba abin da ke cikinsa. Kuɗin yana faɗawa hannun wanda ya fi kusa da wayar, ba wanda ya fi haƙƙi ba. Babu shaida, babu rubutu. Wanda yake bin mamaci bashi bai san an cire ba. Uwargida ba ta san nawa amarya ta gani ba, amarya ba ta san nawa ɗan uwargida ya kwasa ba, kuma zargin da aka shuka a wannan mako yana iya raba zumunci na shekara talatin. Ga shi kuma a idon doka cire kuɗi da sunan wanda ya mutu laifi ne. Mun mai da mutanen kirki masu laifi a kan abin da yake halalinsu.

Akwai wani ruɗani da ya ƙara dagula lamarin. A takardar buɗe asusu akwai gurbin da ake rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa, kuma mu da Hausa mun saba kiran wannan mutum “magaji”. Kalmar ta yaudari mutane da yawa. Wanda aka rubuta a gurbin nan mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru, ba shi da ko sisi a dukiyar saboda an rubuta sunansa, a dokar ƙasa da a shari'a baki ɗaya. Amma sau nawa aka ga ƙane ya tsaya kai da fata cewa yayansa shi ya rubuta, don haka kuɗin nasa ne?

Abin da ba a cira da kati ba kuma yana nan yana barci. Dokar kuɗi ta 2020 ta kafa asusun da gwamnatin tarayya za ta riƙa aron ribar hannun jari da ba a karɓa ba da kuɗin asusun da suka shekara shida ba a taɓa ba. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. A Yulin 2024 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idar cewa asusun da ya yi shekara goma a kwance za a kwashe abin da ke ciki zuwa wani asusun amana a wurinsa. An ce mai haƙƙi yana iya zuwa ya karɓa kowane lokaci. Haka ne, amma wanda ya kasa karɓa a reshen banki na unguwarsu, ta yaya zai karɓa bayan kuɗin ya ƙara nisa? Hukuma ta yi tanadi mai kyau na inda kuɗin marayu zai kwana. Ba ta yi irinsa ba na yadda zai koma gida.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa ba a auna zinariya da gawayi da ma'auni ɗaya. A jihar Kalifoniya ta Amurka, idan dukiyar mamaci ba ta wuce wani adadi ba, magaji yana jiran kwana 40, ya cike takardar rantsuwa cewa shi ne mai haƙƙi, ya haɗa da shaidar mutuwa, ya miƙa wa banki, banki ya biya ba tare da an shiga kotu ba. Adadin ya kasance dala 184,500 daga Afrilun 2022, ya koma 208,850 a Afrilun 2025, domin dokar ta ce a riƙa sabunta shi duk shekara uku gwargwadon tsadar rayuwa. A Teksas iyakar dala 75,000 ce, jiran kwana 30, amma can sai alƙali ya sa hannu. Ingila tana da dokar ƙananan biya tun 1965. Ko a nan gida, Legas ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa ƙananan gado tun 2005. Ruhin tsarin abu biyu ne: wanda ya rantse ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya, shi kuma bankin da ya biya bisa takarda ingantacciya doka ta wanke shi. Wannan na biyun shi ne mabuɗi. Ma'aikacin banki ba mugunta ce ke sa shi kafewa ba, tsoro ne kada gobe wani magaji ya fito ya kai ƙara a ce shi ya biya ba bisa ƙa'ida ba.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu cewa a kwafo kawai. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan tsari ita ce darajar rantsuwa a wurinmu ta faɗi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar kotu ya ga masu na'urar buga takardu a gindin bishiya, ana sayen takardar shekarun haihuwa kamar ana sayen ƙosai. Mutumin da ba zai taɓa yarda ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, zai sa hannu a takardar rantsuwa bai ko karanta ba, don a zuciyarsa wannan ba rantsuwa ba ce, takardar gwamnati ce. Sa'an nan tsarin Amurka an yanka shi ne daidai jikin gidan da yake da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Gidanmu yana iya zama mata uku, da 'ya'ya goma sha bakwai, da wata da aka saka tana cikin idda, da wani aure da aka ɗaura a wani gari ba a faɗa wa kowa ba. A ba mutum ɗaya ikon ya rantse shi kaɗai ya kwashe, an ba kura ajiyar nama, kuma waɗanda za su fara asara su ne mata da ƙananan yara.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ba ta rushe tsarin ba, ta nuna yadda ya kamata a gina shi ne. Kada rantsuwar ta zama ta mutum ɗaya. Takardar ta lissafa dukan magada da sunayensu da dangantakarsu da mamaci da lambar shaidar ɗan ƙasa ta wanda yake da ita, kowane baligi ya sa hannu ko ya dangwala, na nesa ya yi a kotun garin da yake. A yi ta a gaban alƙalin kotun shari'a mafi kusa, ko kotun gargajiya ko majistare ga wanda ba Musulmi ba, a zama ɗaya, da shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a gadon. Mai unguwa da limamin da ya sallaci gawar sun fi kowace jarida sanin matan mamaci nawa ne. Sanarwar da aka buga a shafi na talatin na jaridar Turanci ba wanda ya taɓa karanta ta a Tudun Wada, amma cigiyar da aka yi bayan sallar Juma'a cewa duk mai bin wane bashi ya zo, kafin magariba ta gama zaga unguwa. Dama al'adarmu ce a yi wannan cigiya tun a bakin kabari. Doka ta karɓe ta a matsayin sanarwa kawai.

Abu mafi muhimmanci a ganina shi ne kada kuɗin ya bi ta hannun kowa. Takardar ta zo da rabon kowa a rubuce, banki ya tura wa kowane magaji nasa kai tsaye cikin asusunsa. Shekara ashirin da suka wuce wannan ba zai yiwu ba. Yau, bayan BVN da aka fara a 2014, da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya tilasta wa har tsofaffi buɗe asusu a waya, abu ne na minti biyar. Idan babu wanda zai riƙe kuɗin wani, kwaɗayin yin rantsuwar ƙarya ya ragu da kansa. Rabon ƙananan yara kuma a ajiye shi da sunansu, waliyyi ya riƙa cira da sanin alƙali.

Jiran kwana 40 ya dace da mu, ko don ya zo daidai da lokacin da gidajen da ke yin sadakar arba'in suke sake haɗuwa. Amma akwai inda dole a tsaya cak. Idan ɗaya daga cikin matan tana da ciki, mazhabar Malikiyya ta ce a dakatar da rabo sai ta haihu, domin abin da ke cikin cikin yana iya canja lissafin kowa. Idan wani magaji ya ƙi sa hannu, ko wani ya fito da da'awar aure ko bashi da ake musu a kai, gajeriyar hanya ta rufe, a koma shari'a cikakkiya. An yi tsarin ne domin gidan da ba rigima, kuma su ne mafi yawa. Ba daidai ba ne a riƙa azabtar da gida tara saboda tsoron na goma.

Gida da fili kuma a bar su a waje. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 da rajistar hukumar KADGIS suna da nasu sharuɗɗa, kuma kuskuren da aka yi a kan fili ba ya gyaruwa da sauƙi kamar na kuɗi. Wannan wani zance ne na wata rana.

Sai batun iyaka. Kada a rubuta adadin naira a cikin dokar. Ingila ta sa fam 5,000 a 1984, adadin ya daskare a wurin shekaru aru-aru har bankuna suka gaji suka riƙa sa nasu. Mu da naira ba mu da wannan sararin: a 2005 dala ɗaya wajen naira 130 take, a 2024 ta haura 1,500. Duk adadin da aka rubuta yau, kafin yaron da aka haifa bana ya shiga firamare ya zama abin dariya. A ɗaura shi a kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. A ce, misali, albashin wata talatin da shida. Duk lokacin da albashi ya motsa, iyakar ta bi shi ba sai an koma majalisa ba.

Na san za a ce kotuna za su rasa kuɗin shiga. Wannan tsohon zance ne. A zamanin En'e alƙali yakan cire ushira, kashi ɗaya cikin goma, daga gadon da ya raba, ya zuba a baitulmali, kuma tun a lokacin talakawa suka koyi raba abinsu a zaure don kada ya kai gaban alƙali. Kuɗin da ya hana mutane zuwa ba kuɗin shiga ba ne. Kashi goma na gadon da ba a zo karɓa ba sifiri ne. Ƙaramin kuɗi tsayayye, wanda kowa ya san adadinsa kuma ake ba da rasit, zai tara wa kotu fiye da haka.

Abin bai fi ƙarfinmu ba, domin an riga an yi rabinsa a wani fanni. Dokar fansho ta 2014 ta ce ba a sakin kuɗin ma'aikacin da ya rasu sai da wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya, amma a aikace hukumar PenCom ta amince kamfanonin fansho su karɓi umarni mai hatimi daga kotunan yanki na jihohin Arewa. Idan an yarda da hatimin alƙali a kan fanshon miliyoyi, ban ga dalilin da zai sa a ƙi shi a kan ragowar albashin wata biyu ba.

Aikin na hannu biyu ne. Gado hurumin jiha ne, don haka Majalisar Dokokin Kaduna ce za ta yi dokar, Babban Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalai su fitar da takarda iri ɗaya, da Hausa da Turanci, har da ajami ga mai so. Harkar banki kuwa ta tarayya ce, sai Babban Banki ya umarci bankuna, da kamfanonin asusun waya irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, su karɓi takardar su biya cikin kwanaki ƙididdigaggu. Waɗannan na waya sun fi gaggawa, domin layin mamaci idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yana sake sayar da shi ga wani, ga kuma asusu rataye da lambar. Masu iya rubuta daftarin ba su da nisa. Tsangayar koyon shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci duk suna Kongo, inda aka horar da alƙalan Arewa tun kafin samun 'yancin kai, tafiyar ƙafa ce daga kasuwar Tudun Wada.

Jinkiri kuma yana da nasa farashi da masana fara'ili suka sani sarai. A misalinmu na farko, idan shekara biyu ta wuce ba a fitar da kuɗin ba, mahaifiyar nan tsohuwa tana iya rasuwa. Naira 40,000 ɗinta ta zama gado a cikin gado, abin da malamai ke kira munasakha, sai an nemo nata magada, 'yan'uwan mamacin na farko da ke Funtuwa da Bauci, kowa da shaidarsa. Takarda ɗaya ta zama biyu, magada shida sun zama goma sha biyar, naira 240,000 kuma ba ta iya sayen abin da take saya ranar da aka rufe asusun.